Layin Dogon Kawu

Mutum uku ne suka ja ni gefe ranar da muka binne Kawu a Lyon, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya yi mini maganar Kawu kansa. Na farko wani maɗinki ne da ya zo daga Paris. Ya riƙe hannuna ya yi gaisuwa mai tsawo, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, sannan ya rage murya ya ce, "To, aikin hwa? Wa ya bar wa?" Na ce wane aiki. Ya yi murmushin wanda ya san ana ɓoye masa magana, ya ce ba komi, in na huta zai kira ni. Ta biyu wata mata ce da ta buɗe jakarta ta nuna mini robar ruwa cike da rairayi. Ta ce daga gida ta ɗauko masa, ba ta san ba zai jira ta ba, yanzu ina za ta kai shi. Na uku shi ne Alhaji, babban ƙungiyarmu ta ƴan Nijar a Paris, dattijon da in ya yi gyaran murya kowa kan gyara zama. Shi bai tambaye ni komai ba. Cewa ya yi, "Allah shi gahwarta mai abin da ya taɓa. Ku yawaita sadaka, don abin nan ba ƙarami ba ne." Na kuma lura a sahun ƙarshe ya tsaya lokacin salla, shi da ko a masallacin wasu gaba yake nufa.

Taubashiyata, ɗiyar Kawu, ta ji maganar Alhaji daga bakin mata kafin rana ta faɗi. A Lyon aka haife ta, Hausarta da Faransanci a kwano ɗaya take zuba su, kuma a wasan taubasai bawanta take ce mini. Ranar nan ba ta yi wasan ba. Ta tare ni a ƙofar madafa ta ce, "Ka ji abin da suke cewa? Wai Papa mai duba ne. Gaban ƴaƴana aka faɗa. Ni na ce musu jirgin wasa yake yi, suka ce eh, haka ake cewa."

Haka ake cewa. Fiye da shekara ashirin mutanenmu na Paris da Lyon sun tabbata Kawu bugun ƙasa yake yi, yana zana rairayi yana ganin abin da ke ɓoye. Dalilinsu ba na banza ba ne. Duk wanda zai je gida sai Kawu ya roƙe shi ya kawo masa rairayin garinsu, ko da cikin gwangwanin madara ne. Yana da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa wanda yake kullewa, yakan shige tun bayan azahar sai la'asar ta fito da shi. In an tambaye shi sai ya ce, "Ni ba na duba." In an ce to me yake yi da rairayin, sai ya ce, "Aiki nike da shi." Duk wanda ya san mutanenmu ya san wannan amsa ta fi amincewa ƙarfi.

Ina rubuta wannan ne don kada a riƙe shi da abin da bai yi ba, a manta da abin da ya yi. Kuma gaskiya tun ranar jana'izar zuciyata ta ƙi kwanciya wuri ɗaya.

Kawu wan mahaifiyata ne, mutumin Tasawa. Ya zo Faransa yana saurayi, ya yi aiki a wurin gyaran jiragen ƙasa na Lyon har ya yi ritaya. Da wankin taragai ya fara, daga baya ya koma ƙarƙashinsu yana duba birki. Ban taɓa ganin ya shanye shayi a zaune ba. Yakan fara a kujera, ya ci gaba a bakin taga, ya manta da sauran a kan firji. Tambayar da ta fi yawa a bakinsa ita ce "Minti nawa ya rage?" ko da kuwa babu inda za a je. In ka kira shi a waya ka fara jero gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya gida, sai ya katse ka: "Lahiya, lahiya, duka lahiya. Hwaɗi abin da ya kawo ka." Mahaifiyata takan ce tun suna ƙanana haka yake, ko tuwo a tsaye yake ci.

A gidansa na sauka lokacin da na zo karatu. Wata uku ina kwana a falonsu kafin ya yarda da ni. Wata Asabar ya ce in ɗauko masa kwali in biyo shi. Muka sauka kab, wato ƴan ɗakunan ajiya da ke ƙarƙashin bene, kowane gida da nasa. Na wasu tsofaffin kekuna ne da katifu. Na Kawu da ya kunna fitila, teburi na gani wanda ya haɗa da tsofaffin ƙyamare uku, ya cika ɗakin saura ɗan wurin ratsawa. A kansa layin dogo ne siriri yana zagaye, da kan jirgin da bai wuce tsawon tafin hannuna ba. Ya murɗa wani abu, jirgin ya tashi da ƴar ƙararsa. Na yi dariya. Ya dube ni ya ce, "Ka gani ko? Kai da ke ɗan ƙanwata ma ka yi dariya." Daga nan ya sa na yi masa alkawari. Kada kowa ya gani sai ya gama.

Na ɗauka maganar wata biyu ce.

Abin da ya hana shi gamawa ba rashin kaya ba ne, ba kuma rashin hannu ba. Zaɓi ne ya gagare shi. Akwai wasu tsofaffin Turawa, yawancinsu abokan aikinsa na dā, da suke haɗuwa suna irin wannan gini. Babban abokinsa a cikinsu ya gaya masa tun farko cewa kafin ka sa gam sai ka san wane layi kake ginawa. Ko na gaskiya wanda yake nan yau, ka je ka ƙirga tagogin tashar ka kwaikwaya. Ko na dā wanda ya shuɗe, ka nemo tsofaffin hotuna. Ko ka ƙirƙiro naka, amma sai ƙaryar ta tsaya da ƙafafunta, ka san daga ina jirgin yake, me ya ɗauko, wa yake jiransa. Ana shimfiɗa layin, a zuba ƴan tsakuwa a tsakaninsa, a ɗiga gam, shi ke nan ya zauna. Kawu bai taɓa ɗiga gam ba. Da allurai masu kai irin na maɗinka yake kafe layinsa, don gobe ya iya zare su.

Ya kuwa zare su. Wata shekara layin Paris zuwa Lyon ya tasar wa, wanda ya san kowace kwana tasa. Ya gina wurin aikinsu da kwali, har da famfon da yake wanke hannu. Abokinsa Bature ya zo ya gani ya cire hula. Da mako ya zagayo na tarar ya kwashe komai ya zuba a kwali. Ya ce, "Shekara talatin ina yi musu wanki, yanzu kuma in zamna ina gina musu gida?" Sai ya koma kan jirgin Kano na zamanin gyaɗa. Shi ne jirgin farko da ya taɓa gani, yana ɗan shekara bakwai, da kakanmu ya tafi da shi kai gyaɗa. Ya yi dalar buhuna da ƙwayoyin alkama, ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya yi ja. Da aka zo fentin kan jirgin sai ya tsaya da buroshi a hannu. Bai tuna launinsa ba. Ya ce da jirgin ya yi kuka, bayan rigar kakanmu ya shige bai fito ba sai da aka bar tashar. "Ƙara kaɗai na riƙe," in ji shi, "ita kuwa ba a gina ta."

Na ukun shi ne layin da babu shi, wanda zai tashi daga Maraɗi ya bi ta Tasawa ya kai Damagaram, a ƙasarmu da ake yi wa alkawarin jirgi tun kafin a haife ni. Wannan ya fi so, kuma shi ya fi jin kunyarsa. Yana da littafin ƴan makaranta inda ya rubuta lokutan tashi da sauka, da inda za a tsaya sallar azahar, da tashar da mata za su sayar da fura. Yakan karanta mini da murya kamar mai sanarwa a tasha, in ya kai ƙarshe ya yage takardar. Abin da yake cewa ke nan, na ji shi ya fi sau ɗari: "Na gaskiya ba nawa ba ne. Na dā ba na ƙasata ba ne. Nawa kuwa ƙarya ne, ga hurhura a kaina."

Saboda wannan layi na uku ya fara neman rairayi. Ya ce garin katako mai launi da ake sayarwa a kanti bai yi kama da ƙasar kowa ba. Duk wata yakan hau jirgi zuwa Paris, ya shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya sauka unguwar Château Rouge, ya bi shagunan masu atamfa da mahauta yana tambayar wa ya dawo daga gida. A ƙarƙashin kanta ake ajiye masa, cikin robobi da gwangwanaye, wasu an ɓoye su a ƙullin yaji don kada a tsaya dogon bayani a filin jirgi. In ya kawo gida sai ya gasa shi don ƙwari, ya tankaɗe. A nan rigimarsa da Inna, matarsa, ta samo asali, domin a murhunta yake gashin, da rariyarta yake tankaɗen. Ranar da baƙi suka ci tuwo suna jin ƙasar garin Madawa a haƙori, Inna ta sa rariyar a gabansa ta ce, "Malam, ka zaɓa, ko ni ko Madawa." Ya ce Madawa ai ta riga ta shiga murhu. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Ya sayo mata sabuwar rariya, bayan wata guda ita ma ta sauka kab.

Da rairayin kaɗai ne, da maganar ba ta yi ƙarfi haka ba. Alherinsa ne ya ɗaure shi. Akwai wata Hajiya a Clichy-sous-Bois da mijinta ya tsufa hankalinsa ya fara gushewa. Wata safiya ya fita da takalmin cikin gida bai dawo ba. Aka nema kwana biyu. Hajiya ta hau jirgi ta zo Lyon da goro da ƙullin rairayi ta durƙusa a gaban Kawu tana kuka, ta ce ya duba mata. Ina wurin. Kawu ya tashi tsaye, ya zauna, ya sake tashi. Ya ce, "Hajiya, ni ba na duba. Amma gaya mini, in ya yi maganar gida, ta ina yake cewa ya shigo ƙasar ga?" Ta ce ta Marseille, a jirgin ruwa. Ya tambaye ta ƙarfe nawa ya fita, wace tasha ya saba bi. Ya ɗauko littafin lokutan jirage ya bi da yatsa, ya hau waya yana kiran tsofaffin abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar aka ce akwai wani tsoho baƙar fata da ma'aikatan tashar Marseille suka ba masauki, ba ya faɗin komai sai cewa yana jiran jirgin ruwa. Kawu da kansa ya je ya ɗauko shi, ya cire rigar sanyinsa ya sa masa. Goron bai karɓa ba. Rairayin kuwa ya juya shi a hannu, ya tambayi na wane gari ne, da ta ce Mayahi sai ya kasa mayarwa. Kafin mako ya ƙare, daga Belleville har Clichy an san ƙasa ta gaya wa Kawu inda tsohon yake.

Na sha ce masa ya fito ya faɗi gaskiya. Sai ya ce, "In hito in ce mi? In ce Alhazai, ku zo ku ga motar wasana? Bari in gama. Abin da aka gama ba a yi mai dariya."

Rigimarmu ni na jawo ta, ba zan ɗora wa mamaci ba. Lokacin na gama karatu na sami aiki a Paris, ina jin kaina injiniya, mai ganin kowace matsala a matsayin abin da ake warwarewa kafin a tashi daga aiki. Na zo hutu, Kawu ya tafi asibiti ganin likitan ido, ina da makullin kab a aljihu. Na sauka na tarar ya sake shimfiɗa layin Tasawa a kan jan rairayin garinmu, allurai a tsaye kamar kullum. Na san gobe zai zare. Haushi ya kama ni, haushin shekarun da yake ɓatawa da sunansa da ake ci a shaguna. Na ɗauko gam ɗin da ya saya tun ban zo ƙasar ba, na haɗa shi da ruwa yadda abokinsa ya nuna, na ɗiga a kan layin, kamar kamu ɗaya. Na ce in ya ga an fara, zai ƙarasa.

Da ya dawo ya sauka, ya daɗe bai hawo ba. Da ya hawo bai ɗaga murya ba. Ya miƙo hannu ya ce, "Makulli." Na ba shi. Ya ce, "Ɗan ƙanwata, kai ka zo ƙasar ga da takarda, ka san ranar da za ka gama. Ni na zo da niyyar shekara biyu. Kullum ana zaɓa mini inda zan tsaya. Teburi guda na ce ni zan zaɓa, shi ma ka taya ni." Na ba shi haƙuri. Ya ce ya haƙura. Mun ci gaba da cin abinci tare, shi ya tsaya a matsayin uba ranar aurena, shi ya yi wa ɗana huɗuba. Amma shekara shida bai sake cewa in biyo shi ƙasa ba, ni kuma ban tambaya ba. A asibiti, kwana biyu kafin ya cika, na zauna kusa da shi ina ta juya maganar a baki. Ya buɗe ido ya ce, "Jirginka ƙarhe nawa?" Na faɗa masa. Ya ce, "To tashi, kar ka makara." Maganarmu ta ƙarshe ke nan, kuma har yau tana ci mini rai.

Kwanakin da ke tsakanin jana'iza da addu'ar bakwai a Paris na yi su, ban san yadda na yi su ba. In na zauna a ofis sai in tashi. In na fita sai in ga kaina a Belleville ina tafiya ba inda na nufa. Maɗinkin nan ya kira ni sau biyu. Taubashiyata ta kira ta ce, "Ranar bakwai duka za su zo. Ka buɗe musu ƙofar. Baki ba ya isa, sai sun gani." Na ce na yi alkawari. Ta ce, "Ni ma na yi, ina ƴar shekara tara. Ça suffit, ya isa haka. Shi ya tahi, mu za mu zauna da sunan." Na ce mata ni na taɓa zaɓar masa abu sau ɗaya, na ga yadda ta ƙare. Kuma ga wani tsoro da ban gaya mata ba. Ban san abin da ke cikin ɗakin ba. Wataƙila ya farfasa komai bayan abin da na yi, mu buɗe mu tarar da gwangwanayen rairayi kawai a jere, in tabbatar musu da zarginsu da hannuna.

Ranar bakwai suka zo da jirgin safe, Alhaji da mutanensa, da maɗinkin, da Hajiyar Clichy, da matar nan mai roba. Aka yi addu'a, aka raba waina. Na shiga wurin Inna tana zaune a kan tabarma cikin takaba, na durƙusa na gaya mata abin da nake son yi. Ta daɗe tana jan carbi. Ta ce, "Ni dai alkawali na yi mai, kuma ban saki ba. Makulli na nan bayan ƙohwa inda ya saba rataye shi. Ban ba ka ba."

Na ɗauka. Na fito falo na ce, "Alhaji, ina roƙon ku biyo ni ƙasa, ku ga aikin Kawu." Alhaji ya ce ba dole ba ne, abin da Allah ya rufe a bar shi a rufe. Taubashiyata daga bakin ƙofa ta ce, "Baba Alhaji, ai ba a ruhe yake ba, kowa na hwaɗi." Ya dube ta, ya tattara babbar rigarsa ya tashi. Muka sauka mu goma sha wani abu a ƴar siririyar matattakala. Ina jin Alhaji a bayana yana karanta addu'ar neman tsari a hankali. Na sa makullin na buɗe ƙofar.

Na kunna fitila.

Kwalayen layin Paris da na Kano suna ƙarƙashin teburi a ɗaure, ƙura ta rufe su. Teburin kuwa ya ƙaru da ƙyaure na huɗu, kuma daga wannan gefe zuwa wancan rairayi ne, launi-launi, ja da fari da ruwan toka da mai tsakuwa, kowane gari da nasa. Ga ƴan rumbuna, ga rijiya da guga, ga raƙuman da ya sassaƙa da toshiyar kwalba. Layin ya bi ta tsakaninsu yana karkacewa ta yadda babu injiniyan da zai yarda da shi, ya yi arewa, ya dawo, ya sake fita don ya taɓa wani ɗan ƙauye. Duk a kan allurai yake. Idona ya tafi neman wurin da na liƙe. Yana nan, kamu ɗaya, gam ɗina ya bushe da tabonsa na rashin iyawa. Bai kankare ba. A gefensa ya gina tasha, ita kaɗai ce mai allon suna, an rubuta Tasawa da hannunsa. A bakin tashar akwai ɗan mutum mai babbar riga, da wani ƙarami a ɓoye bayan rigar.

Hajiya ce ta fara matsawa wajen kantar da gwangwanayen suke. Kowanne da takarda a jikinsa, sunan gari da wanda ya kawo. Ta ce a karanta mata. Taubashiyata ta karanta, Mayahi, Hajiya, ranar da aka ga mai gidanta. Hajiya ta ce, "Ina ya zuba shi?" Aka nuna mata, layin ya bi ta kai. Ta rufe baki da mayafi. Daga nan kowa ya shiga neman garinsu. Wani ya ce an sa Magarya kusa da yawa. Wani ya ce ai Tawa ba ta da ja haka. Maɗinkin ya sunkuya yana duban alluran, ya ce, "Waɗannan ai wurina ya saye su. Na ɗauka na aikin ne." Aka yi dariya, ita ce dariyar farko a gidan tun rasuwar, kuma ba irin wadda Kawu yake tsoro ba ce.

Alhaji bai yi dariya ba. Yana tsaye da wani tsohon gwangwani mai tsatsa a hannu. Ya karanta takardar da kansa, Dakwaro, Alhaji, shekarar da ya je rufe mahaifiyarsa. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ni na manta na taɓa kawo mai. Ƙohwar ɗakinta na ɗebo." Ya bi teburin da ido har can gefen arewa, inda farin rairayin garinsu yake. An share wurin tasha, an kafa ɗan itace, amma layin bai kai ba. Ya tsaya saura tsawon yatsa biyu, ga guntayen ƙarfen a ajiye a gefe da allurai huɗu. A nan ciwo ya iske Kawu.

Alhaji ya ce, "Ana iya kai shi?"

Na ce ana iyawa, ba a liƙe yake ba.

Ya naɗe hannun rigarsa. Maɗinkin ya sa allurai a baki yana miƙo mana ɗaya ɗaya, ni ina haɗa ƙarfen, Alhaji yana dannewa da babban yatsa. Na goge layin da tsumma, na ɗora kan jirgin a Maraɗi, na murɗa. Ya yi ɗan gunji ya tashi, ya ratsa Tasawa, ya karkata arewa a hankali. Da ya iso farin rairayin, Alhaji ya ce, "Tsaida shi nan kaɗan." Na tsayar. Ya daɗe yana kallo, gemunsa na motsi. Sannan ya juyo ya ce, "Ku shaida, mun ci naman bawan Allah ga, ni na hi kowa ci. Kahin jirginmu ya tashi a kai ni kabarinshi." Aka kai shi, kuma wannan karon shi ne a gaba.

Kawu, na karya maka alkawari, an gani ba ka gama ba. Ka yafe mini wannan kamar yadda na ga ka yafe wancan. Allah ya yafe maka, ya yalwata makwancinka, ya ba ka wurin da za ka zauna har ka shanye shayinka.

Gam ɗin yana nan a kan kanta, ban taɓa shi ba. Matar nan ta bar robarta kusa da shi kafin su tafi. Ƴar Gure ce, kuma layin bai kai Gure ba tukuna.